Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Kasuwa: Halin da Mai Binciken Fasahar Nano Kan Shiga Idan Ya Koma Neman Ciniki

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne halin da masanin kimiyya yakan sami kansa a ciki idan ya bar ɗakin gwaji, ko ya rage zama a cikinsa, ya koma aikin nema wa abin da aka gano kasuwa. Mun zaɓi fasahar nano ne domin tana daga cikin fannonin da aka fi yi wa kirari a zamanin nan, kuma takardun da ake rubutawa a kanta a jami'o'inmu sun yi yawa ainun, alhali kuwa abin da ya kai hannun mai saye daga cikinsu bai taka kara ya karya ba.

A ɗakin gwaji tambaya guda ake yi, watau, shin abin nan yana aiki? A kasuwa kuwa tambayoyin sun fi haka yawa: wa zai saya, nawa zai biya, wa zai kai masa, wa zai gyara in ya lalace? Ra'ayinmu shi ne, mai binciken da ya yi wannan ƙaura sai ya koyi waɗannan tambayoyi tun daga tushe kamar ɗan firamare, kuma digirinsa ba zai amsa masa ko guda ba. Ma'aunin da za mu riƙa gwada maganarmu da shi shi ne garin Kutemeshi, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari a yammacin Jihar Kaduna. Dalili kuwa shi ne, galibin masu binciken nan sukan buɗe takardunsu da cewa don mutanen karkara suke aiki, to ya kamata a ga yadda aikin zai kasance in an kai shi karkarar.

2.0 Mece ce fasahar nano?

Kafin mu yi nisa, wajibi ne mu ɗan yi bayani saboda waɗanda ba fanninsu ba ne. Nanomita ma'aunin tsawo ne. In aka raba mita guda gida biliyan ɗaya, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 80,000. Fasahar nano ita ce sarrafa abu a tsakanin nanomita 1 zuwa 100, inda ido ba ya gani, madubin ƙara girma na makaranta ma ba ya gani.

Abin da ya sa aka damu da wannan ƙanƙanta shi ne, abu yakan sake hali in ya ƙanƙance haka. Ga lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi a kan allo. Ɗauki dunƙule mai fuska 6, kowane gefe santimita guda. Faɗin fuskokinsa duka santimita murabba'i 6 ne. In aka yanyanka shi zuwa 'yan dunƙule masu gefen nanomita guda, nauyinsa bai ƙaru ba, amma faɗin fuskokin ya koma mita murabba'i 6,000, watau kusan filin ƙwallo. Tun da yake a kan fuska ne sinadarai suke haɗuwa da juna, ɗan abu kaɗan sai ya yi aikin da buhu ba zai yi ba. Wannan shi ne sirrin yawancin matatan ruwa da magunguna da batura da ake dangantawa da nano.

Launi ma yakan sake. Zinariyar da muka sani rawaya ce, amma tun a 1857 Michael Faraday ya nuna a Landan cewa in aka narka ta zuwa ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa, ja take komawa. Jan layin da kan fito a jikin galibin 'yan tsinkayen gwajin zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ake amfani da su a ƙananan asibitocin karkara, ƙwayoyin zinariya ne irin waɗannan. Abin lura ne cewa ƙasar Birnin Gwari ƙasar zinariya ce, ana haƙa ta ana fita da ita ɗanya, sa'an nan a sayo mana ɗan tsinken da ke ɗauke da ƙurarta daga waje.

Tarihin fannin gajere ne. Richard Feynman ya yi lacca a kan yiwuwar sarrafa ƙwayoyin zarra ɗai-ɗai a ranar 29 ga Disamba 1959 a Amurka. Wani masani Bajapane, Norio Taniguchi, shi ya fara amfani da sunan a 1974. A 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na kamfanin IBM suka ƙera madubin da ke nuna ƙwayar zarra, a 1989 kuma ma'aikatan kamfanin suka jera ƙwayoyi 35 suka rubuta sunansa da su. Akwai darasi guda a cikin tarihin da ya shafi maganarmu. Ƙananan ƙwayoyin nan masu ba da launi, waɗanda Alexei Yekimov da Louis Brus suka gano a farkon shekarun 1980, kuma Moungi Bawendi ya samo hanyar haɗa su da kyau a 1993, ba su shiga akwatin talabijin na sayarwa ba sai a 2013. Shekara 30 ke nan, a ƙasashen da ke da kuɗi da masana'antu. Masanan uku sun sami kyautar Nobel a 2023.

3.0 Aikin mai neman kasuwa

A manyan kamfanoni akwai ma'aikacin da ake kira jami'in bunƙasa kasuwanci. Aikinsa ya bambanta da na mai talla, ya kuma bambanta da na akawun ciniki. Shi ne yake fita ya gano wanda ke da matsalar da kayan kamfani za su warware, ya kawo labarin abin da mai sayen yake so ga masu bincike, ya shirya yarjejeniya da masana'antar da za ta ƙera, ya nemo masu zuba jari, ya san dokar mallakar ƙirƙira da ta hukumomin da ke ba da izinin sayarwa. A fannin nano ana son wanda ya taɓa zama a ɗakin gwaji, domin shi ne zai iya gane iyakar abin da kayan za su yi, ya hana a yi wa mai saye alkawarin da ba za a iya cikawa ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan sana'a, sunanta ne ya sake. Dillalin kasuwar kara ba shi da sa ko guda, amma ya san mai sa, ya san mahauci, ya san abin da kowannensu zai iya ɗauka, kuma da la'ada yake ci. Fatoma a zangon fatake ya fi shi nauyi, domin shi ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a kan bashi. Abner Cohen, a nazarin da ya yi wa Hausawan Sabo ta Ibadan wanda aka buga a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu a kan amanar waɗannan masu gida ya tsayu. Mai binciken da ya koma neman kasuwa, fatoma ne tsakanin masu ilmi da masu kuɗi, mutane biyu da ba su jin yaren juna. Abin takaici, a wurinmu malamai mukan ɗauki kalmar dillali a matsayin ƙasƙanci, shi ya sa abokin aikinmu da ya nufi wannan hanya sai a ce ya bar ilmi ya bi kuɗi.

Tarihin Kano ma ya nuna cewa kasuwa ba ta bin shirin masana. Sa'ad da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan Ingila auduga suka sa rai za a riƙa lodawa domin masaƙun ƙasarsu. Manoma da 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka auna farashi suka ga gyaɗa ta fi riba, daga 1912 sai gyaɗa ta cika tasha. Masanan auduga sun san ƙasa da iri, amma fatake su suka san abin da manomi zai yarda ya sayar.

4.0 Misali daga Tanzaniya

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Askwar Hilonga, ɗan ƙauyen Gongali a arewacin Tanzaniya. Ya yi digirinsa na uku a kan fasahar nano a Jami'ar Hanyang ta Koriya ta Kudu, ya koma gida ya kama koyarwa a Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Nelson Mandela da ke Arusha. Yankinsu yana fama da matsala iri biyu a ruwan sha: ƙwayoyin cuta, da kuma yawan sinadarin fuloraid, wanda ke rina haƙora ya kuma lalata ƙashi in ya zarce miligiram 1.5 a lita guda, watau iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye. Ya haɗa matacin ruwa wanda ruwa ke fara bi ta cikin yashi, sa'an nan ya ratsa ta sinadaran nano da aka yi da silika da azurfa. Ya sa masa suna Nanofilter. A 2015 ya ci kyautar ƙirƙira ta Afirka ta farko da Cibiyar Injiniyoyi ta Masarautar Ingila ta bayar, fam 25,000, bayan an yi wa waɗanda suka kai zagayen ƙarshe horon wata 6 a kan kasuwanci. A 2019 aka ba shi wata kyautar a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da ya fi jan hankalinmu a labarinsa shi ne abin da ya faru bayan an gama ƙera matacin. Farashinsa a lokacin wajen dala 130 ne, kuɗin da magidancin ƙauye ba zai fitar a tashi guda ba, ko da ya yarda matacin yana aiki. Mai bincike in ya ci karo da wannan, abin da zuciyarsa za ta raya masa shi ne ya koma ɗakin gwaji ya nemi sinadari mai arha. Hilonga da kamfaninsa na Gongali sai suka ƙara wata hanya: suka kafa rumfunan ruwa, aka ɗora mutanen unguwa a kai suna tacewa suna sayarwa a kan kuɗi kaɗan. Mai saye ruwa yake saye, bai damu ya san ko akwai nano a ciki ba. Mai rumfa ya sami sana'a, kuma tun da abincinsa ke nan, shi zai kula da wanke mataci da sauya sinadari in ya gaji. Har wa yau, tun da gurɓacewar ruwan wannan gari ba irin ta wancan ba ce, sai an auna ruwan kowane wuri a haɗa masa irin nasa sinadarin. A nan ne ilminsa na asali ya ci gaba da yi masa rana. Ɗan kasuwa zalla ba zai iya wannan ba.

5.0 Inda kaya suka yi kyau ciniki ya ƙi

Kada a ɗauka duk wanda ya yi wannan ƙaura yakan dace. Kamfanin A123 Systems an kafa shi a Amurka a 2001 a kan binciken da aka yi a jami'ar MIT game da batir mai ƙwayoyin nano. Batirin yana da kyau, gwamnati ta ba kamfanin tallafin dala miliyan 249 a 2009, ya gina manyan masana'antu. Amma motocin lantarki ba su yi kasuwa da saurin da aka zata ba, kamfanin ya dogara ƙwarai ga mai saye guda, sa'an nan aka sami aibi a wasu baturan da ya ƙera, ya zama dole ya sauya su da kuɗinsa. A Oktoban 2012 ya karye, a 2013 wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Wanxiang ya saye shi.

A gida Nijeriya akwai labarin maganin amosanin jini. Ba na nano ba ne, amma darasinsa ɗaya. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta yi masa gwaji, ta sami takardar mallaka. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka izinin sarrafa shi, a 2006 aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. Kafin shekara uku kamfanin ya faɗa cikin matsalar kuɗi, aikin ya tsaya, aka janye izinin a 2009, masu ciwon da suka fara jin daɗin maganin suka neme shi suka rasa. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. Kimiyyar ba ta gaza ba. Wurin zaɓen abokin hulɗa da tsara yarjejeniya aka yi tuntuɓe, kuma wannan shi ne ainihin aikin mai neman kasuwa.

Misali na uku yana ƙofar gidanmu. Sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya daɗe yana bincike a kan farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina, domin a mai da ita ziyolait. Ziyolait wani sinadari ne mai ƙofofi birjik, kowace ƙofa ba ta kai nanomita guda ba, kuma da shi matatun mai suke farfasa mai mai kauri ya koma fetur. Akan gasa farar ƙasar, a daidaita silikarta da alminiyam ɗinta, a dafa ta da soda har ƙofofin su tsiro. Aiki ne na a yaba, domin daga waje ake sayo wannan sinadari. To amma wa zai saya? Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta shafe shekaru da dama ba ta tace mai yadda ya kamata. Matatar da ke aiki kuwa tan-tan take buƙata ba yankewa, kuma ba za ta zuba sinadarin da ba ta gwada ba a cikin injin da ya ci biliyoyi, alhali ga tsofaffin kamfanoni irin su Grace da BASF da ta saba da su. A ganinmu, mai neman kasuwa da ya san aikinsa zai fara da ƙaramar ƙofa, domin akwai nau'in ziyolait da ake sawa a garin sabulun wanki da wanda ake gyara ruwa mai gartsi da shi, kuma masu waɗannan sana'o'i suna Kano da Kaduna, ana iya zama da su a yi magana.

6.0 A kai kayan Kutemeshi

Yanzu mu ƙaddara wani daga cikinmu ya haɗa sinadarin nano mai kama dalma da ƙwayoyin cuta a ruwa, ya gwada a ɗakin gwaji ya ga yana aiki, ya ce Kutemeshi zai kai shi.

Tambaya ta farko ita ce ko ya fahimci ciwon da yake so ya warkar. Masu rubutu a kan tace dalma sukan kafa hujja da annobar Zamfara ta 2010, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da kuma ta Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, inda yara 28 suka mutu a 2015. Amma wanda ya bi labarin ya san cewa babbar hanyar gubar ƙura ce. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida a daka, a niƙa shi a injin niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Maganin da aka yi shi ne kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa, a ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, a fitar da niƙan daga cikin gari. Matacin ruwa, komai kyansa, da ɗan gefen matsalar kawai zai taɓa. Wanda ya kai shi ya ce shi ne magani, ya ci kuɗin mutane ya kuma sa su sakankance a kan haɗarin da ke nan daram. Saboda haka aikin farko shi ne a ɗebo ruwan rijiya da na burtsatse da na rafi, rani da damina, a auna a ga abin da ke ciki, kafin a yi maganar sayarwa.

Tambaya ta biyu, da wa yake gasa? Mai bincike yakan zaci abokin gasarsa wani masani ne a wata jami'a. A karkara abokan gasarsa su ne alif da ake jefawa a randa, da 'ya'yan zogale da ake dakawa don kwantar da laka, da tsumman tacewa, da ruwan leda a ranar kasuwa, da kuma babbansu duka, watau shan ruwan yadda yake ba tare da an biya ko kwabo ba. Ruwan da ke ɗauke da ƙwayar cuta sau da yawa garau yake a ido, don haka sai an yi aikin wayar da kai kafin mutum ya yarda ya biya kuɗi a kan abin da ba ya gani. Kuɗin manomi kuma na kaka ne. In masara da dawa da waken suya suka shigo akwai abin kashewa, in bazara ta yi sai a hankali. Farashin da bai lura da wannan ba ya faɗi tun ba a fara ba. Hanyar rumfa irin ta Hilonga ta fi dacewa, kuma muna da 'yan garuwa waɗanda tun tuni suke kai ruwa gida-gida ana biyansu a kan jarka. Su ne dillalan da ya kamata a fara zama da su.

Tambaya ta uku, hanya. Matacin nano ba randa ba ne da za a saya sau ɗaya a manta. Sinadarinsa yakan cika, sai an sauya. Matacin da ya cika ba a sauya ba ya fi rashinsa haɗari, domin mai shi yana sha da natsuwa. Kowa a wannan zaure ya san abin da ƙasar Birnin Gwari ta gani a hannun 'yan bindigar daji. A Fabrairun 2021 an kashe mutum 14 a Kutemeshi a hari guda, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta yi shekaru matafiya suna tsoronta, kasuwar shanun garin ba a sake buɗe ta ba sai a Nuwamban 2024 bayan sulhun da gwamnatin jiha ta yi. Duk kasuwancin da ya dogara ga mota ta zo daga birni kowane wata da sabon sinadari, to ranar da hanya ta rufe ya mutu. Wannan zai tilasta wa mai binciken ya sake tunani a kan kayan da zai yi amfani da su. A Indiya, kamfanin Tata ya fitar da matacin Swach a 2009, wanda aka yi da tokar ɓuntun shinkafa da aka sa wa ƙwayoyin azurfa, a kan kuɗin da bai kai rupi 1,000 ba. Ɓuntu kuwa tsibi-tsibi yake a bakin injinan casa a ƙasarmu, kuma tokarsa cike take da silika. Ga yadda tambayar kasuwa take komawa ta zama tambayar kimiyya.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi: ina za a zubar da sinadarin da ya gama shan guba? In aka jefa shi a juji, yara suka tsinta, ko ruwan sama ya wanke shi ya koma rijiya, an yi ba a yi ba. Azurfar ma in tana zuba cikin ruwan sha fiye da kima abin dubawa ce. Hukumar NAFDAC da ta SON suna da ta cewa kafin a sayar wa jama'a, kuma neman izininsu yana cin lokaci da kuɗin da ba a taɓa sawa a kasafin bincike.

7.0 Abin da ƙaurar ke ci wa mai ita

Saura mu dubi shi mutumin. Malamin jami'a ko na kwalejin ilmi da yawan takardun da ya buga ake yi masa ƙarin girma. Shekara biyu da ya kashe yana zirga-zirga tsakanin maƙera da hukumomi da masu jari, a takardar ƙarin girma fanko ce. Abokan da ya bari a baya za su wuce shi, in kuma cinikin ya karye, komawa da wuya.

Doka ma tana da nata shingen, kuma da yawa daga cikinmu ba mu karanta ta ba. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati a cikin jami'an gwamnati, ya kuma hana mai cikakken aiki gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Ke nan malami yana iya noma buhu ɗari na masara ba laifi, amma ba zai zama manajan kamfanin da ke sayar da abin da ya ƙirƙiro ba sai ya ajiye aiki ko ya sami wani tsari ta hannun makarantarsa. Dokar Mallakar Ƙirƙira ta 1970 kuma ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, sai dai a wasu halaye yana da haƙƙin a ba shi lada. Takardar mallakar shekara 20 take yi, kuma a Nijeriya ana ba da ita ba tare da an binciki ko abin sabo ne da gaske ba, saboda haka riƙe ta ba shaida ba ce cewa za ta tsaya a gaban alƙali, balle a ce za ta kawo kuɗi. Wani abin da ya shafi wannan zama kai-tsaye shi ne, duk ƙirƙirar da aka bayyana sirrinta a takardar taro kafin a nemi mallakarta, ta daina zama sabuwa a idon doka. Tsarin ƙarin girma yana cewa yi maza ka buga, dokar mallaka tana cewa yi shiru tukuna.

A Amurka dokar Bayh-Dole ta 1980 ce ta ba jami'o'i ikon mallakar abin da aka gano da kuɗin gwamnati, daga nan ofisoshin sayar da fasaha suka yawaita, suka zama wurin aiki ga masu digirin kimiyya da suka zaɓi kasuwa. A nan gida hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, ta fara buɗe irin waɗannan ofisoshi a manyan makarantu daga 2006, akwai kuma cibiyoyin renon ƙananan masana'antu, ciki har da ta Kano. Gine-ginen suna nan. Abin da muke ganin ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna a ciki wanda ya san ƙamshin ɗakin gwaji ya kuma iya karanta yarjejeniya, kuma makarantu ba su tanadi matakan ƙarin girma ga irinsa ba, don haka mai hazaƙa ba ya son a tura shi can.

Mu da ke kwalejojin ilmi ba mu da madubin ganin zarra, kuma ba mu sa ran samunsa nan kusa. Amma mu ke horar da malaman da za su koyar da kimiyya a Kutemeshi da Kuyello da Dogon Dawa. Ɗalibin da ya zaɓi tace ruwa da tokar ɓuntu ko gawayi a aikinsa na ƙarshen karatu, mukan tsaya ne a kan ko ruwan ya yi garau. Shawararmu ga sassan kimiyya ita ce a ƙara masa babi guda: ya je garinsu lokacin hutu, ya zauna da mai garuwa ɗaya da matan gida 10, ya rubuto nawa suke kashewa a kan ruwa a mako, a wane wata kuɗi ke yanke musu, nawa matacinsa zai ci in an ƙera shi da kayan da ake samu a kasuwar garin, da kuma sunan sana'ar wanda zai gyara shi in ya toshe. A ba wannan babi maki daidai da na babin gwaji.